Amsa ga ɗan'uwan da jarinsa ya karye yake tambaya kan dogaro ga Allah

Assalamu alaikum. Ɗan'uwa, na karanta tambayarka: ka ce jarinka ya karye, bashi ya yi maka katutu, kana addu'a dare da rana ba ka ga sauyi ba, har ka fara tsoron ko imaninka ne ya yi rauni. Ni ba malami ba ne, ɗan kasuwa ne a nan Daura, amma na sha irin ruwan da kake sha yanzu, shi ya sa na kasa wuce tambayar nan.

Sana'ata fatauci ce tsakanin Daura da Damagaram. Mu fita ta Kongolam, mu bi ta Matamai, mu kai kayan masarufi, mu dawo da wake da dabino, wani lokaci da dabbobi. A watan Agustan 2019 aka rufe iyakokin ƙasa. Ba a daɗe ba kuma aka hana kai fetur gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga iyaka. Kayana suna can, masu bina kuɗi suna nan. Muka yi ta cewa sati mai zuwa za a buɗe, abu ya haura shekara. Mun fara farfaɗowa ke nan sai juyin mulkin Nijar na Yulin 2023, aka sake rufewa, ga cire tallafin mai a shekarar. Saboda haka na san yadda mutum ke ganin sunan mai bashi a waya gabansa ya faɗi.

Abin da nake so ka fara cirewa daga ranka shi ne cewa jinkirin amsa alamar raunin imani ce. Wannan tunanin ya fi bashin kansa cin rai.

A kwanakin zaman nan na koma kallon finafinai biyu da nake so tun ina yaro, lokacin da ake haɗuwa a gidan mai bidiyo a unguwa. Na farko Ar-Risala, wanda Mustafa Akkad ya yi a 1976 kan tarihin Manzon Allah (SAW) ba tare da an nuna shi ba. Da ƙuruciya abin da ke burge mu shi ne yaƙin Badar da shigar Makka. Da na kalle shi da bashi a wuyana, wani abu daban na lura da shi: shekara 23 ce aka dunƙule cikin kusan awa uku. Za ka ga Bilal kwance a rana da dutse a ƙirjinsa, kafin shayinka ya huce ka gan shi yana kiran salla. Su kuwa da abin ya faru a kansu shekara 13 suka yi a Makka, kwana ɗaya bayan ɗaya. A ciki har da kusan shekara uku da Ƙuraishawa suka yanke ciniki da aure da Banu Hashim, suka tsare su a kwarin Abu Ɗalib har aka ci ganyen itace. Manzon Allah na cikinsu, addu'arsa kuwa babu wadda ta kai ta. To wa zai ce jinkirin nan raunin imani ne? Fim yana yanke jira saboda mai kallo zai gaji. Kai kana tsakiyar jiran ne, wurin da ba a nunawa.

Kafin abubuwa su taɓarɓare Allah Ya nufe ni da zuwa Umara, aka kai mu gindin dutsen Saur, inda Manzon Allah da Sayyidina Abubakar suka ɓuya a kogo lokacin hijira. Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne dutsen yana kudu da Makka, alhali Madina tana arewa. Wato da gangan aka bi wata fuskar don a ɓatar da masu nema. Ka duba shirin da aka yi: Sayyidina Abubakar ya tanadi raƙuma biyu, Sayyidina Ali ya kwana a shimfiɗar Manzo, aka ɗauki hayar Abdullahi ɗan Uraiƙiɗ ya nuna hanya duk da a lokacin bai musulunta ba, saboda shi ya san hanyar. Nana Asma'u na kawo guzuri, ɗan'uwanta Abdullahi na kawo labarin gari da dare, Amir ɗan Fuhaira na kora tumaki a kan sawunsu. Kwana uku a kogo. Bayan duk wannan shirin ne masu nema suka tsaya a bakin kogon, sannan aka ce wa Abubakar kada ya yi baƙin ciki, Allah na tare da su, kamar yadda ya zo a aya ta 40 ta Suratut Tauba. Ka lura, Abubakar ya ji tsoro, kuma ba a zarge shi ba, lallashinsa aka yi. Faɗuwar gabanka ba ta fitar da kai daga masu tawakkali.

Fim na biyu shi ne na Umar Mukhtar, shi ma na Akkad, wanda ya fito a 1981. Wannan ya fi mini nauyi. Malamin allo ne, ya yi kusan shekara 20 yana yaƙar Italiya a Libiya, aka kama shi, aka rataye shi a bainar jama'a ranar 16 ga Satumba, 1931, yana da shekara sama da 70. Libiya ba ta sami 'yanci ba sai 1951. Bai ga abin da ya roƙa da idonsa ba. Ina kawo maka shi ne don ba na son in yi maka alkawarin da ba nawa ba. Masu cewa ka yi haƙuri, komai zai dawo fiye da da, suna nufin alheri, amma ba su san gaibu ba. Ni jarina bai dawo yadda yake ba har yau. Abin da na samu shi ne ban ci haram ba, ban gudu na bar iyalina ba, kuma ina iya kallon idon kowa a kasuwar Daura.

Ga abin da na yi. Na rubuta sunan duk mai bina da abin da yake bina, na je wurinsu ɗaya bayan ɗaya da ƙafata, da wani dattijo cikin abokan mahaifina. Wasu sun ɗaga mini ƙafa, wani ya yafe rabi, wani ya yi mini kaca-kaca a gaban mutane, kuma haƙƙinsa ne yake nema. Na sayar da babur ɗina, na koma ɗaukar kayan wasu ina kaiwa Kano a biya ni lada, ni da a da ake yi wa aiki. Ranar farko ta yi ciwo ƙwarai.

Ka riƙe addu'ar da ta zo a Bukhari ta neman tsari daga damuwa da baƙin ciki, da gazawa da kasala, da nauyin bashi da rinjayen mutane. Kuma kada ka ɓoye wa matarka halin da ake ciki, ta riga ta gani a fuskarka. Gobe bayan sallar asuba ka fara da wanda ka fi jin tsoron haɗuwa da shi cikin masu binka, ka nemi babban da yake jin nauyinsa ya raka ka. Allah Ya yaye maka, Ya biya maka ta inda ba ka zato.