Tambaya da Amsa: Wace kafireta ce ta dace da tsohuwar Peugeot 504?

Tambaya: Malam, ina da Peugeot 504 ƙirar Kaduna da na gada daga mahaifina, kuma kwanan nan ta soma shan mai fiye da kima tana mutuwa a silo, wato idan inji yana aiki ba a taka totur ba. Bakanike ya ce in sayi sabuwar kafireta, kuma wadda ta fi ta asali girma don motar ta ƙara ƙarfi. Shin shawararsa tana kan hanya? Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: Malam, Allah ya jiƙan mahaifinka. Rabin shawarar bakaniken ne kawai zan amince da shi, domin girman kafireta ba ya ƙara wa inji ƙarfin da bai da shi. Injin 504 mai lita 2, wato cc 1971, iskar da yake iya zuƙa tana da iyaka, kuma idan maƙogwaron kafireta ya yi masa faɗi, iskar takan ratsa a hankali har ta kasa jan mai yadda ya kamata, sai motar ta riƙa shaƙewa duk lokacin da ka taka totur daga tsaye.

Kafin ka kashe ko sisi, a kama sandar da ke juya murfin totur a girgiza ta. Idan tana lilo, ramin ya cinye, iska tana satar hanya ta nan, kuma babu saitin da zai daidaita silo. Idan kuwa tana nan daram, sau da yawa wanki da sabon gaskit da allurar da ke tsayar da mai sun isa su farfaɗo da kafiretar Solex ɗin da motar ta zo da ita.

In har canji ya zama dole, Weber 32/36 ce na fi natsuwa da ita ga inji mai wannan girma. Maƙogwaro biyu gare ta: ƙaramin mai milimita 32 shi ke aiki a zirga-zirgar cikin gari, babban mai 36 kuma ba ya buɗewa sai ka taka sosai, abin da ke rage shan mai. Samfurin DGV cok ɗinsa (murfin da ke rage iska don tayar da inji mai sanyi) na hannu ne, DGEV kuma na lantarki, kuma a zafin ƙasarmu na hannun ya wadatar. Sai dai ka auna ramukan ƙusoshinta da na manifol ɗinka (bututun da kafireta ke zama a kai) tun a shago, ko a kasuwar Panteka ta Kaduna ne ko a Ƙofar Ruwa ta Kano, domin mai yiwuwa sai an sa farantin haɗi, kuma jabu sun yi yawa a kasuwa. Weber ba ta son matsin mai da ya wuce kimanin psi 3 (ma'aunin matsi ne), saboda haka a duba famfon mai, a kuma sa mata matatar iska ta kirki saboda ƙurar hunturu.

Bayan an ɗaura, ka yi tafiya mai ɗan nisa sannan a kwance fulogi a duba launin bakinsa. Ruwan ƙasa mai haske yana nufin saiti ya yi. Baƙi mai kunkunniya yana nufin mai ya yi yawa, sai a rage jet, wato 'yar ƙofar da mai ke bi a cikin kafireta. Fari fat kuwa mai ya yi kaɗan, kuma wannan ne ke ƙona bawul idan aka bar shi.