Kostik da asid, abu ɗaya ne?

'Yar'uwa, kin tambaya ko kostik soda da ake haɗa sabulu da ita wani nau'in asid ce, tunda dukkansu suna ƙona fata. A'a, kishiyar asid ce. Tana cikin sinadaran da ake kira alkali, kuma mai ƙarfi ce, sunanta a kimiyya sodiyam haidiroksaid, kuma ruwanta mai kauri yakan kai 14 a ma'aunin pH, wato ma'aunin ƙarfin asid da alkali, inda 14 ke nuna alkali mai tsananin ƙarfi. Kalmar kostik daga Girkanci ta fito, tana nufin abin da ke ƙonawa.

Abin da ya fi ba ni tsoro game da ita shi ne yadda take narkar da kitse da naman jiki. Santsin nan da ake ji a yatsa idan an taɓa ta, fatar ce ta fara narkewa, kuma zafin kan yi jinkiri alhali tana ta ci ciki. A ido tana iya makantarwa.

Ki zuba ta cikin ruwa a hankali, kada ki zuba mata ruwa a kai, don tana tafasa ta fantsamo. Kada ki yi amfani da tukunyar alminiyam. Idan ta taɓa jiki, a wanke da ruwa mai gudu aƙalla minti 20. Wanda ya sha kuwa, kada a sa shi amai, a garzaya da shi asibiti.