Yadda asibitocin maganin wiwi ke samun kuɗinsu

Malam, ka tambaya ta ina asibitocin da ke ba da tabar wiwi a matsayin magani suke cin riba, kuma ko mai kemis a nan Kano zai iya shiga harkar.

A Ingila, tun watan Nuwamba na 2018 aka ba manyan likitoci ƙwararru izinin rubuta ta, amma asibitocin gwamnati ba kasafai suke yin hakan ba, sai a kan larurori kaɗan irin su farfaɗiya mai tsanani ta yara. Saboda haka yawancin marasa lafiya asibitin kuɗi suke zuwa. Mutum zai biya kuɗin ganin likita, ya biya na komawa a sake duba shi, sannan duk wata ya sayi man wiwin ko furenta daga kantin magani, wanda sau da yawa kamfani ɗaya ne ya mallake shi tare da asibitin. Nan ne ribar take, kuma nan ne abin yake damuna, domin wanda ya rubuta maganin da wanda ya sayar aljihunsu ɗaya. Tsadar kuwa tana fitowa daga shigo da kayan, gwajin inganci, lasisi, ma'ajiya mai tsaro da albashin likitoci. A Jamus, dokar 2017 ta ba inshorar lafiya damar ɗaukar nauyin wasu masu ciwo mai tsanani.

Game da Kano, babu hanya. Dokar Najeriya ta haramta nomanta da sayar da ita, kuma hukumar NDLEA za ta kama mai kemis ɗin da aka samu da ƙulli ɗaya a shagonsa, ko a Sabon Gari yake ko a Fagge.