Hukuncin Zuwa Bikin Gion Da Dare A Birnin Kiyoto

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne a Kiyoto, ƙasar Japan. Abokan karatuna sun gayyace ni yawon dare a bikin Gion na watan Yuli. Ya halatta in je?

Amsa: Wa alaikumus salam. Ɗana, Allah ya yi maka albarka da ka tambaya kafin ka taka.

Bikin Gion na wurin bautar Yasaka ne, na addinin Shinto. Asalinsa tun shekarar 869, lokacin da annoba ta addabi birnin, mutane suka yi hidima don neman sauƙi daga ababen bautarsu. Har gobe ana ɗaukar mikoshi a kafaɗa, wato babban akwatin da suke ganin abin bautar yana ciki, a zaga gari da shi. Wannan ibada ce, kuma haramun ne Musulmi ya sa kafaɗarsa, ko ya rusuna, ko ya tafa hannu a gaban wurin bautar. Haka sayen cimaki, layar nan da ake ratayewa a ƙofar gida don kore sharri. Allah ya yabi bayinsa a Suratul Furƙan, aya ta 72, da cewa ba sa halartar zur, kuma wasu magabata sun fassara shi da bukukuwan mushirikai.

Amma daren 14 zuwa 16 ga Yuli, abin da ya cika tituna fitilu ne, da rumfunan abinci, da jama'a sanye da yukata, wato rigar gargajiyar Japan marar nauyi. An tambayi Imam Ahmad game da kasuwannin da ake ci ranar idin Kiristoci a Sham, ya ce idan ba a shiga majami'arsu ba, kasuwar kawai aka halarta, babu laifi. A nan nake tsayawa: wucewa ta titi da sayen halas bai kai haramun ba, ko da yake barinsa ya fi mini daɗi, domin bikin kansa na bauta ne. Wasan wutar kogin Sumida a Tokiyo ya fi sauƙi, kallo ne kawai.

Idan ka je, ka kula da abinci. Taliyar yakisoba galibi da naman alade ake soya ta, wasu miyoyin kuma da mirin, wanda giyar shinkafa ce. Magariba tana faɗuwa wajen ƙarfe bakwai, daidai lokacin cunkoso, don haka ka shirya inda za ka yi salla tun daga gida. Abokanka kuwa ka yi musu bayani da ladabi, ka gode musu da gayyata.

Wallahu a'alam.