Wai a Ingila Ana Biyan Wanda Ya Gama Jami'a Yana Zaune?

Assalamu alaikum ɗana. Ina fata kana lafiya, da Yaya da Hajiya da sauran mutanen gida. Saƙonka ya iso. Ka ce tun da kuka gama bautar ƙasa alawus ɗin naira 77,000 ya tsaya, abokanka suke ta zancen wai a nan Ingila da zarar yaro ya fito daga jami'a gwamnati za ta ɗora shi a kan albashi har ya samu aiki. Akwai ƙamshin gaskiya a maganar, amma kafin ta iso gida an ƙara mata gishiri.

Babu wani kuɗi da aka ware wa masu digiri. Abin da ke akwai tallafi ne mai suna Universal Credit, wanda aka fara a 2013, na marar aiki ne da mai ƙaramin ƙarfi, ko ya yi jami'a ko bai taɓa taka ƙofarta ba. Ɗalibi galibi ba ya samu sai ya kammala. A shekarar kuɗi ta 2025, marar aure ɗan ƙasa da shekara 25 yana karɓar fam 316.98 a wata, wanda ya kai 25 kuma fam 400.14. Na san yanzu ka fara juya shi zuwa naira. Ka dakata. Ɗaki ɗaya a gidan da ake raba kicin da banɗaki a nan Manchester hayarsa takan wuce wannan kuɗin. Ana ƙara wa mai haya wani abu, amma wanda ke zaune gidan iyayensa ba ya samun wannan ƙarin. Kuɗin farko ma sai an jira kamar mako biyar.

Ƙanwarka ta karɓa bayan ta gama, don haka a gabana aka yi komai. Sai da ta je ofishin neman aiki, Jobcentre, aka haɗa ta da ma'aikaciyar da za ta riƙa bin diddiginta, ta amince da yarjejeniyar cewa neman aikin shi ne aikinta, har awa 35 a mako. Akwai shafinta a intanet inda take rubuta duk inda ta tura takarda da amsar da aka ba ta. Bayan sallar asuba za ka gan ta a teburin cin abinci da kwamfuta, shayi ya huce a gefe, tana cike fom. Wanda ya ƙi halartar ganawa ba tare da uzuri ba, a rage masa kuɗi. Da ta samu aikin 'yan awoyi a kanti, duk fam ɗin da ta samu sai a cire kashi 55 cikin 100 nasa daga tallafin. Mai ajiyar da ta haura fam 6,000 ana rage masa, wanda tasa ta wuce 16,000 ba ya samun komai. Fita ƙasar ma sai da sanarwa, in ta wuce wata guda galibi tallafin ya tsaya. Abin da ya sa ke nan ba ta daɗe ba lokacin bikin yayarka, ba don ba ta son zumunci ba, kamar yadda na ji wasu sun faɗa.

Mu Hausawan nan kuwa, kanmu bai haɗu a kan wannan kuɗi ba. Manyanmu da suka zo tun da daɗewa, likitoci da malaman jami'a da ma'aikatan jinya, da yawansu kunyar abin suke ji. A wurinsu ɗan gidan mutunci ba ya miƙa hannu, kuma ba sa so a ce ɗan wane yana cin kuɗin gwamnati. Na san uban da ya gwammace ya riƙa ba ɗansa daga aljihunsa da ya bar shi ya je ya yi rajista. Ina ganin girman wannan zuciya, amma ban yarda da su ba. Shekara da shekaru ana yankar haraji daga albashinmu tun kafin ya shigo hannu, kuma daga wannan baitulmalin ake biyan yaran. Haƙƙi ne, ba bara ba. Inda duk muka haɗu shi ne ƙarya. Mutum ya riƙa aiki a ɓoye ana biyan sa a hannu, sannan ya je ya ce ba ya aikin komai, wannan malamanmu a masallaci sun sha faɗa cewa haram ne, kuma wanda aka sani da shi girmansa ya zube a cikinmu.

Ba ma barin yaro ya daɗe a kai. Mafi ƙarancin albashi a shekarar kuɗi ta 2025 fam 12.21 ne a awa ga wanda ya kai shekara 21, ka ga aikin mako guda cikakke ya fi tallafin wata. Shi ya sa za ka ga mai digirin injiniya yana ɗaukar kaya a sito ko kula da tsofaffi, kafin aikin da ya karanta ya fito, ba mai yi masa dariya.

Yanzu ga wadda ta shafe ka kai tsaye, ina so ka karanta wa abokanka ita. Tallafin nan da na bayyana galibi na 'yan ƙasa ne da masu takardar zaman dindindin. In ka zo da bizar karatu, cikin sharuɗɗanta akwai cewa ba ka da rabo a kuɗin tallafin jama'a. Bizar da ake ba wanda ya kammala, wadda aka fara a Yulin 2021, shekara biyu ce, uku ga mai digirin digirgir, kuma gwamnati ta sanar za ta mai da biyun wata 18 daga Janairun 2027. Ita ma sharaɗin yana nan. Bizar aiki ma haka, har sai ka samu zaman dindindin, galibi bayan shekara biyar bisa ƙa'idar da ke aiki a 2025, shekarun karatu kuma ba sa shiga lissafin biyar ɗin. Wanda ya karɓa alhali bai cancanta ba ya saɓa sharaɗin bizarsa, yana iya rasa zamansa ɗungurungum.

To me ke riƙe yaran da suka zo daga gida idan karatu ya ƙare, aiki bai zo ba? Jama'a ce. Bayan Juma'a wani dattijo zai ja mutum biyu uku gefe ya ce yaron nan haya ta taso masa, a haɗa abin da ya samu a ambulan, ba tare da an kira sunansa a bainar jama'a ba. Mai ɗakin da ba kowa ya ba shi ya zauna. Matanmu kan karkato da kwasar adashi ga wadda ta fi matsuwa, zakkar wasu ma nan take tafiya. Ranar Lahadi gidana ba ya rabuwa da samari, a ci tuwo da miyar kuka, Gwaggonka ta cika wa kowa roba ya tafi da ita. Wanda ya san aiki ya gyara musu takardar neman aiki, ya tura sanarwar gurbi a zaurenmu na WhatsApp. Muna yi da zuciya ɗaya, sai dai ba mu da yawa a nan kamar Yarbawa da Ibo, kuma kowa da nasa nauyin a gida. Akwai waɗanda biza ta ƙare musu suka koma, mun raka su filin jirgi da mutuncinsu.

Don haka in niyyar zuwa digiri na biyu tana nan, kada a sayar da filin Yaya a kan lissafin wannan tallafin. Ka sa kuɗin haya da abinci na watannin bayan kammalawa a cikin lissafinka tun daga gida. Turo mini takardunka da kwas ɗin da kake so, in zauna da waɗanda suka yi irinsa kwanan nan mu ga ko kamfanoni na ɗaukar nauyin biza a fannin.

Baffanka.