Amsa: Makaranta na ƙofar gida, me ya sa ɗana bai samu gurbi ba?

'Yar'uwa, kin ce makarantar gwamnati na kan layinku a Washintan, babban birnin Amurka, amma an sa ɗanki mai shekara 3 a jerin masu jira. Na san abin da zafi, musamman idan kin riga kin tsara komawa aiki a kan hakan. Sai dai ba a yi miki rashin adalci ba, haka tsarin yake.

A birnin, haƙƙin shiga makarantar unguwa yana farawa ne daga ajin 'yan shekara 5. Ajin 'yan 3 da 4 kyauta ne, amma kujerun ba sa isa, shi ya sa ake kuri'a ta My School DC, wato tsarin birnin na neman gurbi, inda iyaye ke jera makarantun da suke so. A yawancin makarantu, zama a unguwar fifiko kawai yake ba ki, haka ma idan yaron na da wa ko ya a makarantar.

Inda iyaye da yawa ke cutar kansu shi ne su rubuta makarantu biyu ko uku da suka yi suna su tsaya, alhali an ba su damar 12. Ki jera su yadda zuciyarki ke so da gaske, domin idan aka ba ki ta biyar, sunanki na nan a jerin jira na huɗun da ke samanta. Saurin cike takarda kuwa ba ya ƙara komai, muddin ba ki wuce wa'adi ba.

Kada ki cire rai, jerin yana motsi har bayan an koma makaranta. Ki riƙa duba imel, ki ajiye takardun shaidar zama a birnin kusa, don idan gurbi ya fito ba a jira da yawa.