Hukuncin Tafiya Da Karnuka Zuwa Tsohon Ramin Ma'adinai A Daji

Tambaya: Allah gafarta Malam, ni ɗalibi ne a Katsina. Ni da abokaina uku mun shirya tattaki zuwa wani wurin haƙar farar ƙasa da aka daina aiki a cikinsa, can cikin daji wajen Ƙanƙara, da karnukan farautar baffana guda biyu. Mahaifiyata ta ce mala'iku ba za su raka mu ba. Ya halatta mu je?

Amsa: Da sunan Allah. Ɗana, mahaifiyarka ba da ka ta yi magana ba. Muslim ya ruwaito daga Abu Huraira cewa mala'iku ba sa rakiyar ayarin da akwai kare ko ƙararrawa a cikinsa. Sai dai wasu malamai sun fitar da karen da shari'a ta yarda a riƙe, wato na farauta, na kiwo da na gadin gona. A mazhabarmu ta Malikiyya kuma kare mai rai ba najasa ba ne, ko ya goge ka da jikinsa sallarka ta yi. Amma Risala, littafin fiƙihun Malikiyya na Ibn Abi Zaid, ta faɗa ƙarara cewa farauta don wasa makaruhi ce, to ina ga jan karnuka don yawon buɗe ido kawai?

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne ramin. A hadisin Buhari da Muslim, Manzon Allah (SAW) ya ce rijiya da mahaƙar ma'adinai ba su da diyya: wanda suka rufta da shi, ba a bin wanda ya haƙa su bisa ƙa'ida da komai. Tsohon rami ba shi da mai duba shi. Damina ta jiƙa bangonsa shekara da shekaru, ciyawa ta lulluɓe bakinsa, macizai sun mayar da shi gida, can ƙasa kuma iska kan ƙare, mutum ya yanke jiki ya faɗi bai ji warin komai ba, mai shiga ceto ya bi shi. Kare yana bin warin gafiya zai zurma, kuma na san halin matashi, ba zai iya tsayawa yana jin kukan karensa daga ƙasa ba. Ƙurar wasu ramukan ma guba ce. A 2010 gubar dalma daga haƙar zinariya ta kashe ɗaruruwan yara a Anka da Bukkuyum ta Zamfara. Ga kuma 'yan bindiga. Ba mu manta da ɗalibai sama da 300 da aka kwashe a Ƙanƙara a Disamba 2020 ba.

Allah ya ce a Baƙara, aya ta 195, kada ku jefa kanku cikin halaka. Don haka shiga ramin, ko tura kare ciki, haramun ne matuƙar zaton cutuwa ya rinjaya, kuma a nan ya rinjaya. Tafiyar ma ba wajibi ba ce, tunda mahaifiyarka ba ta so, to ka haƙura.

In ta amince wata rana, hanya kuma ta yi lafiya, ku tafi da rana tare da baffanka, mai gari ya san da zuwanku, ku tsaya nesa da bakin ramin. Karnukan su kasance a ɗaure, an yi musu allurar haukan kare, ku riƙa musu ruwa daga gida, kada su sha wanda ya kwanta a ramin. Wallahu a'alam.